Yadda ake rubuta bayanin alamomin printf da scanf wanda ba zai ɓatar da mai karatu ba

Duk wanda ya taɓa rubuta shiri da harshen C ya san layi irin wannan: `printf("%d", adadi)`. Abin da ke tsakanin alamomin zance shi nake kira zaren tsari, kowace guntuwa da ta fara da `%` kuma alamar juyi, domin ita ce ke juya lambar da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta ta koma rubutu, ko ta juya rubutu ya koma lamba. Printf ce ke fitar da rubutu, scanf kuma ke karanto shi. Wannan jagorar ta mai rubuta bayanin waɗannan alamomi ce: wanda ya gina ɗakin karatu na shirye-shirye mai nasa fankishan irin printf, ko malamin da ke shirya wa ɗalibai takarda, ko wanda aka ɗora wa gyaran tsohon shafin bayani a wurin aiki.

Na ɗauki wannan aiki da muhimmanci saboda wani abu da na gani da idona. Wani shiri da muke amfani da shi yana karanta lissafin wata-wata daga fayil, kowane layi da siffa irin `2019-08,350`, wato shekara, wata, sai adadi. Wanda ya rubuta shi ya duba takardar bayanin da muke da ita, ya ga layi ɗaya da ke cewa "`%d`, `%i`: cikakkiyar lamba", sai ya rubuta `"%i-%i,%i"`. Daga Janairu har Yuli shirin bai yi ko tari ba. Ranar da lissafin Agusta ya shigo, sai adadin ya ɓace. Dalili shi ne, a wajen karatu `%i` tana duba farkon lamba ta zaɓi tushe: in ta ga sifili a gaba sai ta ɗauka lissafin tushe 8 ne, kuma a tushe 8 babu lamba 8. Ta karanta `0`, ta tsaya, shirin ya nemi waƙafi ya tarar da `8`, karatun ya katse. Mutumin bai yi sakaci ba, ya karanta bayani kuma ya bi shi. Bayanin ne ya haɗe abu biyu da suka bambanta a layi guda.

Mataki na farko: ka san wace printf kake bayani a kai

Kafin ka rubuta komai, ka tsayar da iyakar shafinka a layin farko. Sunan printf ya yaɗu ƙwarai, kuma kama da wane ba ta wane. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a Bell Labs a farkon shekarun 1970, aka tsayar da ƙa'idarsa ta farko a 1989, sannan ƙa'idar 1999 ta ƙaro alamomi da dama irin su `%zu` da `%lld` da `%a`. Ƙa'idar POSIX, wadda tsarukan kwamfuta dangin Unix ke bi, ta ɗora nata ƙarin a kai. Ɗakin karatun glibc da ke yawancin na'urorin Linux yana da nasa, na Microsoft ma yana da nasa. Ko a na'ura ɗaya akwai biyu: `man 3 printf` yana buɗe bayanin fankishan na C, `man 1 printf` kuma na umarnin da ake bugawa a tasha.

Ga abin da bambancin ke jawowa. A C, `%n` tana rubuta adadin haruffan da aka fitar cikin wani wuri a ƙwaƙwalwa. A Java, `%n` sabon layi ne kawai. A umarnin tasha, `%b` tana fassara alamomin da ke farawa da karkatacciyar sanda irin `\n`. A ƙa'idar C23, `%b` tana fitar da lamba a tushe 2. Mai karatun da ya zo daga Java ya faɗo shafinka ba tare da ka gaya masa inda yake ba, zai ɗauko tsohon saninsa ya ɗora.

Saboda haka ka ware wa kowace alama shaidar asalinta: ta ƙa'idar C ce, kuma tun wace shekara, ko ta POSIX ce, ko ƙarin wani ɗakin karatu ne. Ni ina sa wannan a ginshiƙin ƙarshe na jadawali, gajere, kamar "C99" ko "POSIX kawai".

Mataki na biyu: ka raba fitarwa da karantawa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Kada ka yi jadawali ɗaya na printf da scanf don ka rage tsawon shafi. Haruffansu ɗaya ne, amma aikinsu ya sha bamban, kuma a daidai wuraren da suka bambanta ne mutane ke faɗawa rami. Ka fara kowane sashe da siffar alamar gaba ɗaya:

```
fitarwa:   %[tutoci][faɗi][.daidaito][girma]harafi
karantawa: %[*][faɗi][girma]harafi
```

Da mai karatu ya ga layukan nan biyu a jere, ya riga ya koyi abu ɗaya ba tare da ka yi dogon bayani ba: babu daidaito a wajen karantawa. Wanda ya rubuta `scanf("%.2f", &x)` yana tsammanin zai karanta lambobi biyu bayan ɗigo, ya rubuta abin da ƙa'ida ba ta sani ba.

Daga nan ka jero wuraren da alama ɗaya ke da fuska biyu, ka ba su wuri na musamman a saman shafi. Faɗi a printf shi ne mafi ƙarancin fili: `%3d` da 12345 za ta fitar da 12345 gaba ɗaya, ba ta yanke komai. Faɗi a scanf shi ne iyakar abin da za a karanta: `%3d` a kan 12345 za ta ɗauki 123 ta bar 45 a layi. Tauraro a printf yana nufin a ɗauko faɗin daga wata ƙima da aka miƙa, a scanf kuwa yana nufin a karanta a zubar, kada a ajiye. `%d` da `%i` tagwaye ne a printf, amma a scanf `010` goma ce a wurin `%d`, takwas ce a wurin `%i`, `0x1A` kuma ashirin da shida ce a wurin `%i`.

Sai babbar cikinsu, `%f`. A printf tana karɓar `double`, kuma ko `float` ka miƙa mata babu laifi, domin C yana ɗaga `float` zuwa `double` da kansa kafin ya miƙa wa fankishan mai karɓar ƙimomi marasa ƙayyadadden adadi. A scanf babu wannan ɗagawa, tunda adireshin wuri kake miƙawa: `%f` tana son manuni zuwa `float`, `%lf` tana son manuni zuwa `double`. In ka ba `%f` adireshin `double`, a yawancin na'urori za ta cika bait huɗu cikin takwas ta bar sauran yadda ta same su, lambar da za ka gani kuma ba ta da alaƙa da abin da aka shigar. Ka rubuta wannan dalili a shafin, kada ka tsaya ga hukuncin kawai. Wanda ya gane dalilin ba ya sake mantawa.

Mataki na uku: kowane harafi da nau'in da yake karɓa

Yawancin shafukan da na gani suna cewa "`%d` tana buga lamba". Wannan rabin magana ce. Printf ba ta ganin nau'in abin da aka miƙa mata, zaren tsari kaɗai take dubawa, ta yarda da shi ido rufe. Don haka abin da mai karatu ya fi buƙata shi ne ainihin sunan nau'in, kamar yadda ake rubuta shi a shiri. Kowane layi na jadawalinka ya ɗauki abu huɗu: harafin, nau'in da yake karɓa, siffar abin da ke fitowa, da misali.

```
%d %i   int            tushe 10, da alamar ragi in akwai
%u      unsigned int   tushe 10
%o      unsigned int   tushe 8
%x %X   unsigned int   tushe 16, ƙananan ko manyan haruffa
%f      double         123.456000
%e      double         1.234560e+02
%g      double         123.456
%c      int            harafi ɗaya
%s      char *         zare har zuwa bait ɗin sifili
%p      void *         adireshi, siffarsa ta danganta da na'ura
%%      babu           alamar % kanta
```

Ka lura `%c` tana karɓar `int` a printf, amma `char *` a scanf. Ka lura kuma ƙa'ida ba ta tsayar da siffar `%p` ba, don haka kada ka nuna misali mai farawa da `0x` ka bar mai karatu ya ɗauka haka take a ko'ina.

Ma'aunin girma yana bukatar nasa jadawalin, domin harafi ɗaya yana canza ma'ana gwargwadon wanda ya biyo shi. `l` a gaban `d` tana nufin `long`, a gaban `s` tana nufin zaren faffaɗan haruffa `wchar_t *`, a gaban `f` a printf kuma ba ta canza komai. `hh` ta `char` ce, `h` ta `short`, `ll` ta `long long`, `z` ta `size_t`, `t` ta `ptrdiff_t`, `j` ta `intmax_t`, babbar `L` kuma ta `long double`. Hanyar da ta fi min ita ce jadawali mai ma'aunai a gefe, haruffan juyi a sama, kowane gida ɗauke da sunan nau'i. Gidan da haɗinsa bai halatta ba, ka rubuta "ba a yarda ba", kada ka bar shi fayau, domin mai karatu zai ɗauka mantuwa ka yi.

A nan ne ya dace ka yi gargaɗi kan `long`. A Linux mai bit 64 `long` bit 64 ce, a Windows mai bit 64 kuwa bit 32 ce. Wanda ya saba buga `int64_t` da `%ld` a Linux, shirinsa zai lalace ranar da aka kai shi Windows. Maganin yana cikin `inttypes.h` tun 1999: `PRId64` don fitarwa, `SCNd64` don karantawa, ana rubuta su a wajen alamomin zance kamar haka: `printf("%" PRId64 "\n", x)`. Siffar ba ta da daɗin gani, shi ya sa dole ka nuna cikakken misali, in ba haka ba mutane za su sa sunan a cikin zaren.

Mataki na huɗu: tutoci, faɗi da daidaito, da yadda suke cin karo

Tutocin ƙa'idar C biyar ne: `-` tana jingina rubutu hagu, `+` tana tilasta alama ko lambar ba ta ragi ba ce, sarari yana barin gurbi a wurin alamar, `0` tana cike fili da sifili, `#` kuma tana kawo wata siffa ta daban. Bayanin kowace ita kaɗai layi ɗaya ne. Aikin yana wurin haɗuwarsu. In `-` da `0` suka haɗu, `0` ta faɗi. In `+` da sarari suka haɗu, sarari ya faɗi. In an ba cikakkiyar lamba daidaito, nan ma `0` ta faɗi. Ka sa misalanka a cikin baka mai kusurwa, domin sarari ba ya ganuwa a takarda:

```
[%5d]     42   →  [   42]
[%-5d]    42   →  [42   ]
[%05d]    42   →  [00042]
[%5.3d]   42   →  [  042]
[%05.3d]  42   →  [  042]
[%#x]     255  →  [0xff]
[%#x]     0    →  [0]
[%.0d]    0    →  []
```

Layuka biyun ƙarshe su ne irin abin da shafi mai kyau ke ɗauke da shi, na gaggawa kuma ya tsallake. `#` ba ta sa `0x` a gaban sifili. Sifili da daidaiton sifili kuma ba ya fitar da komai, ko harafi ɗaya.

Daidaito kalma ɗaya ce mai ma'ana huɗu, kuma ina roƙonka kada ka taƙaita ta da cewa "adadin lambobi bayan ɗigo". Haka take a `%f` da `%e`, inda in ba a faɗa ba ake ɗaukar 6. A `%d` ita ce mafi ƙarancin adadin lambobi. A `%s` ita ce iyakar abin da za a fitar, shi ya sa `%.3s` ke mayar da "kwamfuta" ta koma "kwa". A `%g` kuma ita ce adadin lambobi masu ma'ana gaba ɗaya, na gaban ɗigo da na bayansa.

Ita `%g` tana son a zauna mata. Tana zaɓar siffa da kanta: in ƙarfin goma na lambar ya gaza -4, ko ya kai daidaito ko ya wuce, sai ta koma siffar `%e`, in ba haka ba ta yi siffar `%f`, sannan ta share sifilin da ke wutsiya. Wannan jumla daidai take, amma ba wanda zai riƙe ta sai ya ga bakin iyakar da idonsa. Ka nuna masa: 100000 tana fitowa `100000`, 1000000 tana fitowa `1e+06`, 0.0001 tana fitowa `0.0001`, 0.00001 tana fitowa `1e-05`. Duk inda hali ke sauyawa, ka kawo misali ɗaya daga wannan gefe, ɗaya daga wancan.

Akwai tambayar da za a yi maka ko ba daɗe ko ba jima, gara ka amsa ta tun a shafi: me ya sa `%.2f` ke mayar da 2.675 ta koma 2.67? Printf ba ta yi kuskure ba. Kwamfuta tana ajiye lambar a tushe 2, kuma mafi kusa da 2.675 da za ta iya riƙewa ya ɗan gaza ta kaɗan, don haka zagayen ya yi ƙasa. Ka ƙara da cewa wanda ke son ya rubuta `double` a fayil ya karanto ta ba tare da ta canza ba, `%.17g` ta ishe shi.

Wani abu da mu masu rubutu da ƙugiyoyi muka fi kowa cin karo da shi: faɗi da daidaito a `%s` bait suke ƙirgawa, ba haruffan da ido ke gani ba. A tsarin UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bait biyu ne. "kasa" bait huɗu ce, "ƙasa" biyar. `[%6s]` za ta sa wa ta farko sarari biyu, ta sa wa ta biyu ɗaya, ginshiƙin jadawali ya karkace. `%.1s` a kan "ƙasa" kuwa za ta tsaga ƙ gida biyu ta fitar da rabin harafi. Shafukan da aka rubuta da misalan haruffan Turanci tsantsa ba sa nuna wannan, domin a can bait da harafi ɗaya suke. Kai ka nuna.

Haka nan ɗigon da ke cikin lamba ya danganta da saitin yanki, wato `LC_NUMERIC`. In shiri ya kira `setlocale` ya ɗauki saitin Jamus ko Faransa, `%f` za ta fitar da waƙafi a wurin ɗigo, scanf ma waƙafi za ta nema. Layi biyu sun isa a kan wannan, amma kada su rasa.

Mataki na biyar: sashen karantawa, inda ya kamata ka daɗe

A printf kai ke da iko da abin da ke shiga. A scanf wani ne ke bugawa, ko fayil ne da ba ka san wanda ya rubuta ba. Don haka kowane harafi a wannan sashe yana bukatar amsar tambayoyi uku da babu su a sashen fitarwa: yana tsallake sararin da ke gaba, a ina yake tsayawa, kuma nawa ne filin da mai kira zai tanada?

Yawancin haruffa suna tsallake sarari da sabon layi kafin su fara. Uku ne ba sa yi: `%c`, `%[` da `%n`. Daga nan ne sananniyar matsalar ɗalibai ke fitowa. An karanta lamba da `%d`, mutum ya buga 25 ya danna maɓallin shigarwa, sabon layin ya zauna yana jira. Da aka zo `%c`, sai ta ɗauke shi, shirin ya wuce kamar bai tambayi komai ba. Maganin sarari ɗaya ne a gaban alamar, `" %c"`, domin sarari a zaren tsari na scanf yana nufin a haɗiye duk sararin da ke gaba, komai yawansa, ko da babu ko ɗaya. Ka kawo wannan misali da cikakken abin da aka buga da abin da ya shiga kowane wuri.

`%s` tana tsayawa a sarari na farko, kuma tana ƙara bait ɗin sifili a ƙarshe. Faɗin da ka ba ta bai haɗa da wannan bait ba: rumbu mai bait 20 `%19s` yake so. `%s` marar faɗi kuma ba ta da birki, za ta ci gaba da zubawa har ta tsallake rumbun ta shiga abin da ke maƙwabtaka da shi. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci: kada `%s` marar faɗi ta bayyana a ko da misali ɗaya na sashen karantawa, sai dai a ƙarƙashin gargaɗi. Mutane misali suke kwafa, ba sa kwafar gargaɗin da ke ƙasan shafi. `%5c` kuwa tana ɗaukar haruffa biyar cif, ba ta ƙara sifili, don haka abin da ta ajiye ba zare ba ne tukuna.

`%[` tana karɓar jerin haruffan da aka yarda da su, `%[^` kuma jerin waɗanda za a tsaya a kansu. `%79[^\n]` tana karanta layi har da sararinsa, ta bar sabon layin a wurin. In ana son `]` ta shiga jerin, dole ta zo farko. Siffar zango irin `a-z` kusan kowane ɗakin karatu yana gane ta, amma ƙa'idar C ta bar ma'anar wannan karan ga kowace na'ura, kuma ya kamata shafinka ya faɗa.

Sai ƙimar da fankishan ke dawowa da ita, wadda a ganina ta cancanci kanta na musamman. Scanf tana dawo da adadin wuraren da ta cika. Waɗanda aka zubar da tauraro ba sa cikin ƙirga, `%n` ma ba ta ciki. Tana dawo da `EOF`, alamar ƙarshen fayil, ne kawai in abin karantawa ya ƙare ko ya lalace kafin juyi na farko. Bambancin sifili da `EOF` ba ƙarami ba ne. In mutum ya buga "abc" inda ake jiran `%d`, amsar sifili ce, kuma "abc" tana nan ba a taɓa ta ba. Madaukin da aka rubuta da sharaɗin `!= EOF` zai yi ta komawa kan haruffan nan uku har abada. Misalinka ya gwada da adadin da ake tsammani, kamar `== 3`. Da shirin lissafin da na ba da labarinsa ya yi haka, da tun ranar da lissafin Agusta ya shigo ya yi ƙara, tunda 2 ya samu a maimakon 3.

Ka faɗi kuma abin da scanf ba ta iyawa. In lambar da aka shigar ta fi ƙarfin `int`, ƙa'ida ba ta fayyace abin da zai faru ba, kuma babu hanyar ganewa daga amsar. Ka nuna wa mai karatu ƙofar fita: ya karanta layi da `fgets`, ya juya lambar da `strtol`, wadda ke sanar da ambaliya ta `errno`.

A gefen fitarwa, printf tana dawo da adadin bait da ta fitar, ko lambar ragi in an sami matsala. `snprintf` kuwa tana dawo da adadin da za ta rubuta da filin ya isa, ba wanda ta rubuta ba. In amsar ta kai girman rumbun ko ta wuce, an yanke rubutun.

Mataki na shida: abin da ƙa'ida ta yi shiru a kai, da batun tsaro

Ka bambance abu uku da kalmomi uku da ba sa canzawa a duk shafin: abin da ƙa'ida ta tabbatar, abin da ta bar wa kowace na'ura, da abin da ba ta fayyace ba sam. Nau'in da bai dace da harafi ba, ƙimomin da suka gaza adadin alamomi, da miƙa wa `%s` manunin da ba ya nuna komai, duk suna cikin na uku. Glibc kan buga `(null)` a wannan hali na ƙarshe, wasu kuma shirin ya faɗi nan take. In ka rubuta halin glibc kamar shi ne doka, ka koya wa mutum dogaro da abin da ba nasa ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka fi sani a nan ita ce `printf(saƙo)` inda saƙon daga waje ya zo. Mai mugun nufi zai cusa `%x` ya leƙa abin da ke ƙwaƙwalwa, ya cusa `%n` ya rubuta a cikinta. A shekarar 2000 irin wannan rauni a manhajar wu-ftpd ya ba mahara damar ƙwace na'urori daga nesa, daga nan aka fara ɗaukar lamarin da gaske. Ɗakin karatun Microsoft yana kashe `%n` a printf sai in an kunna ta da gangan, glibc kuma tana ƙin ta in zaren yana wurin da ake iya rubutawa, matuƙar an harhaɗa shirin da `_FORTIFY_SOURCE` a mataki na 2. Gyaran gajere ne, `printf("%s", saƙo)`, kuma wurinsa kusa da saman shafi.

Ƙarin POSIX da na glibc su zo a nasu sashen. Mafi amfani a ciki ita ce alama mai lambar matsayi, `%1$s` da `%2$s`, wadda masu fassara manhaja ke bukata saboda harsuna ba sa jera kalmomi iri ɗaya: wani harshe yana sa mai abu kafin abin, Hausa tana sa abin kafin mai shi, sai mai fassara ya rubuta `"%2$s na %1$s"` ba tare da an taɓa shirin ba. Sharaɗinta shi ne ba a gauraya masu lamba da marasa lamba a zare ɗaya. Ka kula da `m` ma: a printf ta glibc `%m` tana buga bayanin kuskuren da ke `errno`, a scanf ta POSIX kuwa `%ms` tana sa a tanadi rumbu da kansa, mai kira ya sake shi da `free` daga baya.

Mataki na bakwai: kada misali ya shiga shafi sai na'ura ta fitar da shi

Ƙwaƙwalwar mutum tana cike gurbi da abin da take tsammani, musamman wajen ƙirga sarari. Ka tara duk misalanka a fayil ɗaya na gwaji, kowanne da zaren tsarinsa, ƙimarsa, da abin da shafi ya ce zai fito. Shirin gwajin ya kira `snprintf` ko `sscanf`, ya kwatanta da `strcmp`, ya yi ƙara in sun saɓa. Ka harhaɗa shi da `-Wall -Wformat=2` a GCC ko Clang, waɗanda ke duba dacewar harafi da nau'i tun kafin shiri ya tashi. In da hali ka gudanar da shi a Linux da Windows duka. Duk misalin da amsarsa ta bambanta, ka koma ginshiƙin asali ka gyara shaidarsa.

In fankishan ɗin naka ne, ka ɗora masa `__attribute__((format(printf, 1, 2)))` domin kwamfaila, wato manhajar da ke harhaɗa shiri, ta duba masu kiransa kamar yadda take duba printf. Lamba ta farko matsayin zaren tsari ce, ta biyu kuma inda ƙimomi suka fara. Sannan ka rubuta a fili waɗanne alamomi ne naka bai ɗauka ba. Ƙananan ɗakunan karatu na na'urori masu ƙaramar ƙwaƙwalwa sukan cire `%f` gaba ɗaya don rage girma, kuma jumlar "yana aiki kamar printf" ba tare da jerin abin da aka cire ba takan sa mutum ya kwana yana neman laifi a lissafinsa.

Daga ƙarshe ka miƙa shafin ga wanda bai saba da C sosai ba, ka ba shi aiki uku ya yi da shafin kaɗai a gabansa: ya buga `size_t`, ya karanta `double`, ya karanta suna mai sarari a tsakiya cikin rumbu mai bait 40. Ka zauna gefe ka yi shiru, ka lura da inda yatsansa ya tsaya a shafin da inda ya koma sama yana nema. In ya rubuta `%zu`, `%lf` da `%39[^\n]`, kuma ya duba abin da scanf ta dawo da shi, ka matsa zuwa gwaji na gaba: ka ba shi layin `2019-08,350` ka ce ya karanto maka watan.